Gwaggo Mai Ƙarasa Littafin Mutane

Jama'a, a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama, mai waya ya kashe. Yau za a kawo muku tarihin gagarumar mace, giwa mai tafiya da tsintsiya, sarauniyar ƙarƙashin tebur, dodon gizo-gizo da yanarsa, wadda ƙura ke jin takunta ta nemi maɓoya. Ita ce macen da ta ta da matattu goma sha ɗaya, ta sasanta aure ashirin, ta kama ɓarayin da 'yan sanda suka gaji da nema, duka ta yi su ne da guntun fensir wanda bai kai ɗan yatsa ba. Ba kowa ba ce illa Gwaggo, mai sharar laburaren unguwarmu.

Ƙanwar baban mai ba ku labarin nan ce, saboda haka in kun ji an yi mata kara a wani wuri, ku yi haƙuri, jini ne.

Makaranta dai Gwaggo ta taɓa, aji huɗu. Sai mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, aka ce ta zauna gida ta yi jinya na wata biyu. Wata biyun nan har yau ba su cika ba. Ta fito da karatu irin na mai tsallaka rafi a kan duwatsu, ta taka wannan kalma, ta tsaya, ta lalubi ta gaba. Tana da 'ya'ya uku da shekara talatin da 'yan kai aka ce laburare na neman mai shara. Ta je, aka miƙa mata tsintsiya da bokiti da tsumma, aka ce ta riƙa zuwa awa biyu kafin a buɗe.

Laburaren dogon ɗaki ne guda, da tagogi shida, biyu ba sa buɗuwa, ɗaya ba ta rufuwa. Tebura takwas, fanka uku, ta tsakiyar in ta juya sai ta riƙa nishi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kantocin littattafai sun jeru har bango. Ofishin Shugaba yana gaba, a baya kuma akwai ɗan lungu inda Baba Mai Zare ke zama yana ɗinke littattafan da suka yage.

Aikin Gwaggo awa ɗaya da kwata yake ci. Saura minti arba'in da biyar, ita kaɗai, ba kowa sai ita da fankar nan. Wata safiya tana goge kanta wani littafi ya suɓuce ya faɗi a buɗe, idonta ya sauka a kan layin da wata mata ke ce wa mijinta maƙaryaci. Gwaggo ta ce, "Af! Me ya yi?" Ta tsaya da tsumma a hannu don ta ji me ya yi, kuma sai da ta yi wata huɗu kafin ta ji. A tsaye ta karanta shi kaf, don a ganinta kujerun na masu kati ne. In kalma ta tokare ta, sai ta je wurin ƙaton ƙamus ɗin da ke kan teburin farko ta kai ƙara. In lokaci ya cika, ta karyi tsinken tsintsiya ta sa a inda ta tsaya. Masu aro suka yi ta samun tsinke a littafi, har wani ya rantse maganin gara ne aka zo da shi.

Yanzu sai ku san yadda Baba Mai Zare ke aikinsa, don nan gizo yake saƙar. Littafin da hannu ya yi wa yawa, ƙarshensa ne ke fara zubewa. In an kawo masa irin wannan, sai ya laluba ya ƙidaya takardun da suka ɓata, ya yanko farare daidai yawansu ya ɗinka a gurbin, don kada bayan littafin ya lotsa. Dokar gidan tun kafuwarsa ita ce, duk ranar da aka samu wani kwafi mai lafiya, sai a kwafe abin da ya ɓata da hannu a kan fararen nan. Saboda haka duk mai karatun da ya ga rubutun hannu a ƙarshen littafi ya san ainihin maganar marubucin ce aka dawo da ita. Sai dai an yi shekaru ba wanda ya kwafi ko alif. Baba yana ta ɗinka farare, farare suna ta zama farare.

Littafi na tara da Gwaggo ta ɗauka wani mai koren bango ne, labarin matuƙin jirgin ruwa. Jirgin ya fashe a tsakiyar teku, mutumin ya rungume wani katako, matarsa na can bakin gaɓa da goyo tana leƙen hanya. Gwaggo ta juya shafi, sai ta ga fari tas. Ta juya, fari. Takarda shida, ko ɗigo babu.

Ranar nan gishiri sau biyu ta zuba a miya. Maigidanta ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali.

"Ke, yau lafiya?"

"Ina lafiya, mutum na cikin ruwa."

"Subhanallahi! Wane mutum?"

"Ba ka san shi ba. Ci abincinka."

Kwana uku ta bar bawan Allah yana rungume da katako. A na huɗu ta tsinci guntun fensir a ƙarƙashin tebur na biyar, ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta ce zunubi ne a bar mutum haka. Ita ba ta taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da ta sani shi ne wanda ke taruwa a bakin layinsu in an yi sama. Amma ta san masunci na wucewa a ruwa, saboda haka ta kawo masunci, ta sa masa bakin marigayi babanta, mai faɗa kafin ya yi taimako. Ya tsamo matuƙin yana yi masa masifa, ya kai shi gida, matar ta suma, aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Takarda shida cif. Da yake rubutunta manya ne kamar sawun agwagwa, sai da ta yi mako biyu tana kwaikwayon rubutun da ke kan katunan laburare a bayan tsohuwar kalanda, kafin ta yarda ta sa hannu a littafin.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Baba Mai Zare ya zama malaminta bai sani ba. In ya ɗinka takarda huɗu, dole rigima ta mutu cikin huɗu, ko da gado ake rabawa. In ya ɗinka ashirin, dole ta nemo wa mutane abin yi har ashirin ta cika. Ta koyi komawa farko ta sake bin littafi don ta kama yadda kowa ke magana, kada alƙali ya buɗe baki a ji muryar mai kayan miya. Ta koyi cewa in ka ajiye mutum a kasuwa a shafi na talatin, ba ka da ikon manta shi a can. Da farko dokarta mai sauƙi ce, ba mai mutuwa sai mugu. A shekara ta shida ta haɗu da wani tsoho a wani littafi, ta juya shi ta nan, ta juya shi ta can, ta ga labarin ya ƙi tsayawa in yana raye. Ta kashe shi da hannunta, ta zauna a kan bokiti ta yi kuka, ta tashi ta goge tagogi.

Shekara tara, littafi arba'in da uku. Kuna tambaya ba wanda ya lura? An lura mana. Shugaba, mace ce mai tabarau da son tsari, ta ga rubutun ta ɗauka Baba Mai Zare ne ke bin doka. Baba kuwa idonsa ya daɗe da yin hazo, da yatsa yake ɗinki, in ya shafa ya ji takardar ta sha fensir sai ya ce Shugaba ce ke ƙoƙari. In sun haɗu da safe sai ta ce, "Baba, sannu da aikin nan na ƙarshen littattafai." Shi kuma ya ce, "A'a, ranki ya daɗe, ai ke ce da sannu." Kowa ya wuce yana yaba tawali'un ɗan'uwansa. Gwaggo na gefe tana matse tsumma, kamar ba ta san an yi ruwa ba.

To, rana dubu ta ɓarawo. Wata ƙungiya ta kawo kyautar sababbin littattafai kwali uku, a ciki har da sabon bugun mai koren bango. Akwai wani tsohon direban bas da ake kira Birki, wanda tun da ya ajiye tuƙi ya mai da tebur na biyu ofishinsa. Littafin matuƙin nan sau bakwai ya karanta shi, duk shekara sau ɗaya, kamar mai zuwa gaishe da aboki. Shi ya fara aron sabon. Washegari ana buɗe ƙofa ya faɗo, ya doka shi a kan kanta.

"An kawo mana jabu!"

Shugaba ta fito. "Malam Birki, a hankali, mutane na karatu."

"Wane karatu? Karatun ƙarya? Sun kashe shi! Mutumin da na sani da ransa da lafiyarsa, har ya ga ɗansa, sun bar shi ya nutse kamar dutse. Ina masuncin? Sun cire masuncin!"

"Wane masunci?"

"Mai masifar nan mana! Ɗauko tsohon ki gani, na gaskiyar."

Shugaba ta ɗauko tsohon, ta jera su, ta bi wannan da yatsa, ta bi wancan. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sannan ta shiga kwalayen ta zaƙulo wasu huɗu da ke da tsofaffin kwafi. A ɗaya, marubucin ya raba auren, a na laburare an sasanta har an yi haihuwa. A wani ɓarawon ya tsere da kayan, a na laburare yana ɗaure. Ko ɗaya bai zo daidai ba.

Ta aika a kira Baba Mai Zare. Gwaggo na goge gilashin ofis ta waje, kunnenta kuwa yana ciki.

"Baba, mutane suna shigowa nan ne don sun yarda da mu. Shekara nawa kana ƙirƙiro musu ƙarshe kana cewa na marubuci ne? Wannan ha'inci ne, kuma ɓarnar kayan jama'a ce. Ina jin nauyinka, amma zan rubuta takardar sallamarka. Ka gama abin da ke hannunka zuwa ƙarshen mako."

Baba ya auna lamarin. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ce ni ko sunan littafi ba na iya gani, ina ni ina rubutu. Amma mai ɗinkin littafin da ba ya gani, ai shi ma hanyar gida za a nuna masa. Gaba kura, baya siyaki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranki ya daɗe," ya fita yana lalubar bango da dabara kamar mai duba fenti.

Gwaggo kaɗai ta san sirrin idon nan, don ita ke zura masa zare a allurai biyar kowace safiya ta soke su a jikin labule kafin ya iso. In ta yi shiru, tsoho zai tafi da sunan maha'inci bayan shekara talatin. In ta yi magana, tsintsiya ta tafi, abincin yara ya tafi, minti arba'in da biyar ɗinta ma sun tafi. Ranar nan ƙarƙashin tebur na uku sau uku ya sha shara, har mai zaune a wurin ya tambaya ko wani abu ne ya ɓata.

A gida ta faɗa wa maigidanta komai. Ya gama ji, sannan ya ce, "Wato mutumin nan na cikin ruwa, na takarda ne?"

"Na takarda ne."

"Shekara tara ina sa shi a addu'a."

"Ni shawara na tambaye ka."

"Shawarar me? Kin tsamo wanda ba ki taɓa gani ba, sai ki bar wanda kike gaisawa da shi kullum?"

Duk da haka sai da ta ƙara kwana. Ba a raina tsoro. Abin da ya ƙarasa ta shi ne da ta leƙa lungu ta ga Baba yana jera alluransa cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, yana shafa teburin da tafin hannu ko ya bar wata. Ta juya ta nufi ofis, da tsintsiyarta a hannu, don ba ta taɓa shiga ɗakin nan hannu sake ba.

"Ranki ya daɗe, ni ce."

Shugaba ba ta ɗago ba. "An share nan ai."

"Ba shara ba. Ni na fito da shi daga ruwa."

Sai ta ɗago. Ta dubi Gwaggo, ta dubi tsintsiya, ta yi ɗan murmushi. "Iya, na san kina tausayin Baba. Amma kada ki ɗauki laifin da ba ki iya aikatawa ba."

Nan fa ran Gwaggo ya ɓaci. Ta zo a kore ta, ba ta zo a raina ta ba. Ta jingine tsintsiya.

"Mai jan bango, kanta na huɗu, takarda takwas, matar ta dawo ranar da aka yi ruwa, ta tarar ya ƙona tukunya. Mai hoton gada, takarda uku, an kama shi da agogon a cikin takalmi. Na tsohon nan mai shago, takarda goma sha biyu, ya mutu da asuba bayan ya ba jikarsa mabuɗi, kuma ni na kashe shi, Allah ya gafarta mini. In ci gaba? Saura arba'in."

Shugaba ta turo mata takarda da biro. Gwaggo ta rubuta layi biyu. Shugaba ta ɗora su kusa da ƙarshen koren littafin, ta daɗe tana kallo.

"Aji nawa kika yi?"

"Huɗu."

"Wa ya koya miki wannan?"

Gwaggo ta nuna kantoci ta cikin gilashi da haɓarta. "Su. Da Baba, amma shi bai sani ba."

Ashe Birki na bakin ƙofa, wai ya zo neman jarida. Ya turo kai. "Iya, ke ce? Shekara bakwai ina yi wa mutumin nan barka, ashe ya daɗe a ƙarƙashin ruwa?"

"In ka fi son sa a can, ga sabon nan, ɗauka."

"Wa ya ce haka? A ba ni tsohon." Ya ɗan yi tsaki. "Dama na yi mamaki. Masunci a tsakiyar teku, amma yana zagi sak irin na mutanen layinmu."

Shugaba ta danne dariya da ƙyar, ta kore shi, ta rufe ƙofa. Ta ce laifi dai laifi ne, ko da ya yi daɗin karantawa. Wanda ya zo neman maganar marubuci yana da haƙƙin sanin inda ta ƙare. Hukunci uku ta yanke. Na farko, Gwaggo za ta bi littattafan nan arba'in da uku ta rubuta da biro a saman farar takarda ta farko cewa daga nan zuwa ƙarshe ba na marubucin ba ne, na mai shara ne. Na biyu, hannunta ba zai sake taɓa farar takardar littafin jama'a ba. Gwaggo ta tsaya tana jiran na ukun, wanda ta san shi ne sallama. Sai Shugaba ta jawo aljihun tebur ta ciro kati, ta rubuta sunanta.

"Shekara tara kina karatu a gidan nan ba kati. Wannan ma karya doka ne. Riƙe. Daga yau a zaune za ki yi."

Da kanta Shugaba ta je lungu ta ba Baba haƙuri. Tsohon ya fitar da alluransa daga gwangwani, ya ɗauki ɗaya zai zura zare don ya nuna yana nan da ƙarfinsa, ya yi ta sukar iska. Shugaba ta ga abin da ta gani, ta dubi silin, ta ce ta ji ana gwajin ido kyauta a asibitin bayan layi, ita ma za ta je, ko zai raka ta. Da ya dawo da tabarau, aikin farko da ya yi shi ne ya karanta mutuwar tsohon nan mai shago. Ya kira Gwaggo ya ce, "Ke 'yar nan, ba ki da imani." Bayan kwana biyu ya miƙa mata wani littafi da ya ɗinka, takarda ɗari, fari tas daga bango zuwa bango.

"Wannan ba na jama'a ba ne. Sai ki yi ɓarnarki a nan."

Wata guda tana buɗe shi tana rufewa. Ta ce ita ba ta iya farawa ba, a ba ta mutum yana cikin ruwa ta san yadda za ta yi da shi, amma jefa shi ciki ba aikinta ba ne. Daga baya ta samo dabara, ta je shafin ƙarshe ta rubuta ƙarshen, sannan ta riƙa dawowa da baya tana tambayar mutanen yadda aka yi suka iso nan. Yanzu tana wajen tsakiya. Littattafan nan arba'in da uku kuwa, tun da aka sa musu shaida ba sa kwana a kanta, har akwai masu farawa daga inda biro yake.

Da ɗan wanta, wato mai ba ku labarin nan, ya gama rubuta wannan tarihi, sai ya yi sammako ya same ta a laburare kafin a buɗe. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya ɗaga takardun sama, ya ce, "Gwaggo, kin shiga tarihi! Daga yau duniya za ta san cewa a gidanmu aka haifi babbar marubuciya!"

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Madalla. Ɗaga ƙafarka, a kan sharata kake tsaye."